Oba-oba a Cikin Daddawa

Bari in fara da gyara, tunda kowa a Mafara ya faɗi nasa ban da ni. Ba a kama ni da bindiga ba. Ba a kama ni da lambobin wayar 'yan daji ba. Ban kuma bi wani saurayi soja har ƙasar Benin ba, kamar yadda matan bakin famfo ke ƙarawa don labarin ya yi armashi. Abu uku aka same ni da su: waya cike da hotunan motocin kwana-kwana, littafi mai shuɗin bango, da tsohuwar oba-obar mahaifina wadda na binne a cikin bokitin daddawa. Na yarda binnewar wauta ce. Amma wauta daban, informa daban, kuma a ƙasarmu yanzu duk wanda aka liƙa wa sunan informa ba shi kaɗai ake nema ba, ƙofar gidansu ake bugawa. Mutum ɗaya ce a bayan ƙofar gidanmu: Inna.

Sunana Suwaiba. Mahaifina Malam Bala, Allah ya jiƙansa, direban motar kashe gobara ne har ƙarfinsa ya ƙare. Tun ina firamare ni ke kai masa abincin rana, kuma ba na komawa gida sai an kore ni. A nan na san mesa da tsani da famfo, na san yadda ake jan ruwa daga kanal idan tanki ya ƙare, na san ƙarar inji mai lafiya da marar lafiya. Oba-obar da kuɗinsa ya saye ta, don ya riƙa jin kira ko yana gida. Maɓallin maganarta ya mutu tun yana da rai. Ji kawai take yi. Da ya rasu na gaje ta, na gaji littafinsa. Sa'o'ina suna wanke-wanke suna jin waƙa, ni ina wanke-wanke ina jin shuuu, sai can wata murya ta ce mota ta tashi. In goge hannu in rubuta yadda yake rubutawa: rana, lokaci, gari, mota nawa, mutum nawa, abin da ya ƙone, abin da aka ceto. In kuwa wata hidima ta kai ni Gusau ko Sakkwato, kafin in nemi gidan da aka aike ni sai na nemi tashar 'yan kwana-kwana na ɗauki hoto. Suwaiba Jiniya ake ce mini a unguwa. Bai taɓa damuna ba.

Doka biyu Baba ya bar mini. Ki rubuta komai. Sannan in kin je wurin mutane, ki shiga ta ƙofa, ki yi sallama, ki gaida mai wuri har ya gaji da ke, kafin ki faɗi abin da ya kawo ki. Ta farko na riƙe. Ta biyu ce ba ni da haƙurinta.

Na gama sakandare, aiki babu. Gari ya cika da mutanen Faru da Dosara da suka baro gidajensu, gonarmu ma ba ta zuwuwa. Gwaggo Hassu, ƙanwar Baba da ke sayar da atamfa a Kumasi, ta ce in zo in tsare mata shago. Inna ta ce in bar oba-oba a gida. Na ce sai dai a bar ni tare da ita. To a hanyoyinmu kowa ya sani, mutum biyu ke yawo da irin wannan abu: ɗan sa-kai da ɗan daji. Mace da ita a shingen bincike, ba sai an tambaye ta ba. Shi ya sa na naɗe ta da leda uku, na tura ta ƙasan bokitin daddawar da Inna ta yi wa Gwaggo tsaraba, na jera daddawa a kai. Ina ta yaba wa kaina dabara. Wa zai sa hannu cikin daddawa?

Cutar farko a Kamba ta same mu. Direban da ya ɗauke mu a Sakkwato ya rantse da abin da zai kashe shi cewa kuɗin da muka biya har Kumasi ne. Da muka gangara bakin kogi sai ya ce ƙanensa na jiranmu a tsallake da wata motar, mu dai faɗi sunansa. Muka faɗi sunan har bakinmu ya bushe. Ba mai ƙane, ba mai mota.

Amma kafin wannan akwai kwalekwalen. Ni ruwan da na sani kanal ne, wanda in ka miƙa sanda za ka taɓa ɗaya gefen. Wannan kuwa ba ka ganin ƙarshensa sosai, kuma an loda mana babura biyu da buhunan albasa har ruwa na lasar bakin katako. Na rungume bokitina. Wata dattijuwa mai jiki ta kama hannuna ta matse. Hajiya Kulu ke nan, 'yar Maradun, mai fataucin kanwa da kuka, wadda ta bi hanyar har ba ta iya ƙirgawa.

"Ke ɗiyar wa ce?"

Na faɗa mata.

"Bala mai jiniya? Allahu akbar. Shi yak kashe muna wutar rumbu shekarar da anka yi auren ƙanwata. Daina kallon ruwa, kalle ni." Ta ɓalla mini dabino. Can ta dubi cinyata. "Mi ag ga bokitin ga?"

"Daddawa."

"Daddawa ce kika runguma kamar jinjiri? Aje ta ƙasa, ba ta tserewa."

Na yi dariyar yaƙe, ban ajiye ba. Na ga ta sake duban bokitin sau ɗaya, ta kawar da kai.

A Malanbil, cikin ƙasar Benin, muka kwana biyu muna neman mota. Hajiya Kulu ce ta yi mini komai: ita ta yi ciniki, ita ta hana wani mai canji ya naɗe ni, ita ta raba shimfiɗarta da ni a rumfar wata mai abinci. Kiran salla iri ɗaya ne da namu, sauran komai baƙo. Allunan kan titi Faransanci, kuɗin hannuna ban san darajarsu ba, miyar ma ba ta san ni ba. Abin da ya fi damuna shi ne shirun kunnena. Shekaru ban taɓa yini babu wannan shuuu ɗin ba. Sau uku ina kai hannu kan murfin bokiti ina janyewa.

Ranar Juma'a da hantsi motarmu ta tsaya a wani gari da ke kudu da can. Ba zan faɗi sunansa ba. Mutanensa ba su yi mini laifin komai ba. Bel ɗin inji ne ya tsinke, direba ya ce kada kowa ya yi nisa. Na sauka in miƙe ƙafa, sai idona ya faɗa kan wani ja a bayan wata gajeriyar katanga.

Wanda bai da wannan ciwon ba zai gane ba. Tsohuwar mota ce mai dogon hanci, irin wadda ban taɓa gani ba ko a hoto, an goge ta tana ƙyalli, tsaninta a kwance a sama, mesa a naɗe a gefe kamar gammo, ga famfonta a baya a buɗe. Na hango ƙofar shiga can gaba, da wani mutum a zaune. Na tuna dokar Baba, wallahi na tuna. Amma gaisuwa irin tamu ba ta ƙarewa da wuri, ga shi ban san harshensu ba, ga direba ya fara rufe bonet. Na taka wani bulo, na ɗaga waya ta saman katanga. Ɗaya, biyu, uku.

Na huɗun ne ban ɗauka ba. Wani ya riƙe mini hijabi ta baya.

Abin da ban sani ba, kuma ba wanda ya taɓa faɗa mini, shi ne a ƙasar nan 'yan kwana-kwana sojoji ne. A wurinmu mutanen gari ne masu shan shayi a gindin bishiyar bedi, in ka roƙa su buɗe maka mota ka hau. A can kuwa katangar da na leƙa ta bariki ce, kuma fili ɗaya suke da jandarmomi. Ga shi su ma arewacinsu ba lafiya. Sai ga baƙuwa daga Zamfara a kan bulo tana ɗaukar hoto.

Jandarma biyu suka rako ni mota suka ce in nuna kayana. A gaban fasinjoji duka aka zazzage jakata. Suka ga littafi, suka ajiye gefe. Ɗaya ya buɗe bokiti, ya toshe hanci, har ya fara mayar da murfi. Na saki numfashi. Ina jin numfashin ne ya tona ni, don ya dube ni, ya nemi sanda, ya caka har ƙasa. Sanda ta ce ƙwas.

Da aka warware leda ta uku, sai eriya ta miƙe. Wani dattijo ya ce innalillahi. Na juya ina neman fuskar Hajiya Kulu.

"Hajiya, ki gaya musu. Kin san Baba. Tasa ce."

Ta ja da baya har ta jingina da mota. "Ni a kwalekwale nig gane ta," ta ce da jandarman, ba ta dube ni ba. "Ban san ta ba, ban san abin da ta ɗauko ba."

Ban zage ta ba, ko da yake ya zo mini har baki. Ina tsaye motar ta tashi. Ta taga na ga ta riga ta kara waya a kunne.

Kwamandan jandarma matashi ne mai tsabta, ba ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ba ya jin Hausa, don haka aka kira babban 'yan kwana-kwanan ya yi tafinta. Shef Musa suke ce masa, wani dogon dattijo mai furfura a gemu, wanda uwarsa mutuniyar Gaya ce. Hausarsa tana da ɗan nauyi amma ba ta ɓata.

"Ya ce wa ya aiko ki."

"Ba kowa, yallaɓai. Sha'awa ce."

"Ya ce sha'awar me?"

"Motocin kashe gobara."

Ya fassara. Kwamandan ya dube ni kamar na ce ina cin ƙasa. Ya buɗe littafin a tsakiya ya tura wa Shef, Shef ya karanta a hankali: "Litinin. Garbadu. Uku da rabi. Mota ɗaya ta tashi, mutum biyar." Ya juya shafi. "Laraba. Hanyar Bakura. Mota ta dawo biyar saura." Ya fassara wa kwamanda, ya saurare shi, ya juyo gare ni. "Ya ce sunan gari, lokacin tashin mota, yawan mutanen ciki. Wa kike ƙirga wa?"

Sai a lokacin na ji yadda littafin Baba ke sauka a kunnen wanda bai san Baba ba.

"Ba ta magana," na ce, ina nuna oba-obar. "Ji kawai take."

Kwamandan ya murɗa ta. Shuuu. Ya ci gaba da murɗawa, ina addu'ar kada ta kamo komai. Wannan tsohuwar da take yini a Mafara ba ta ce uffan ba, ranar nan sai ta buɗe baki tangaram: muryar namiji da Faransanci, a fili kamar yana ɗakin. Shef ya runtse ido. Yaransa ne da ke bayan bango suke magana da juna.

Ba a ƙara yi mini tambaya ba. Aka fitar da ni tsakar fili, aka durƙusar da ni, aka jera waya da littafi da oba-oba a gabana, aka ɗauki hoto. Na san irin hoton nan. Duk wanda ke da waya a garinmu ya san shi: mutum a tsugune, kaya a gabansa, kafin la'asar ya zaga kowane gida. Shef ya ce ranar Litinin akwai mota mai zuwa iyaka; za a miƙa ni ga hukumar ƙasarmu da takarda da wannan hoton.

"Yallaɓai, in hoton nan ya isa Mafara, uwata ba za ta kwana a gidanta ba."

"Da kin tuna da ita kafin ki hau bulo," ya ce, ya tafi.

Ba su da ɗakin tsare mata, don haka a wani sito nake kwana, da rana kuma a ajiye ni kan benci a baranda, inda kowa ke ganina. Ba wanda ya taɓa ni. Matar Shef ta aiko da wani farin tuwon masara mai tsami da miyar da ban san sunanta ba. Shi kuma ya ajiye mini buta, ya nuna mini alƙibla da haɓa. Abincin ban ci na kirki ba. Lissafi ɗaya nake yi: Asabar, Lahadi, Litinin. Ina ganin Inna a gaban kaskon awararta, ina ganin wani yana miƙa mata waya yana cewa, wannan ba ɗiyarki ba ce?

Asabar da safe suka turo jar motar bakin wata rijiyar siminti da ke tsakar fili don gwaji. Suka jefa mesar zuƙo ruwa, suka ba ta wuta. Famfo ya yi tari, ya tofar da ruwa kaɗan, ya yi tari. Suka ƙara wuta. Haka suka yi ta yi har rana ta ɗaga. Na cije leɓe, na ce Suwaiba, bakinki da hannunki sun isa haka.

Lahadi suka sake. Tari, tofi, tari. Wani ya hau ya taka totur har motar na kakkarwa. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ku daina azabtar da ita! Iska take ja!"

Kowa ya juyo. Shef ya tako har baranda, hannuwansa baƙi ƙirin da mai.

"Wa ya tambaye ki?"

"Ba kowa. Kunnena ne ke ciwo. Famfonku lafiyarsa lau. Ku duba mahaɗa ta biyu ta mesar, zoben robar ciki ya cinye. Tun jiya nake jin tana fito."

Ya waiga ya dubi mesar. Sannan ya je ya durƙusa, ya kara kunne a mahaɗar, ya sa aka ba ta wuta. Ya kwance ta, ya zaro zoben. Ya tsage gida biyu, ya bushe kamar ganda.

"Mun aika a kawo sabo tun watan jiya," ya ce, kamar da kansa yake magana.

"A ba ni tsohon tub na mota, da reza, da gawayi."

Jandarman da ke gadina ya fara magana, Shef ya ɗaga masa hannu. Aka kawo. Na shimfiɗa tub ɗin a kan bencin da nake tsare, na ɗora bakin mesa na zana da'ira da gawayi, na yanka biyu, na haɗa su, na shafe da sabulu, yadda na ga Baba ya yi ba sau ɗaya ba a bakin kanal. Garin sauri har na yanki yatsa. In bai yi ba fa? Sai a ce ta lalata kayan soja a kan laifinta na farko.

Suka ɗaura. Famfo ya yi tari sau ɗaya, ya yi shiru, sai ƙarar ta sauya ta koma wannan gurnanin mai nauyi da na sani tun ina yarinya. Mesar da ke kwance a ƙasa ta cika ta miƙe. Ruwa ya tashi ya wuce kan mangwaron bariki ya sauka a kwanon ofishin kwamanda. Samarin suka sa ihu.

Shef bai yi ihu ba. Ya wanke hannu, ya shiga ofis, ya fito da wayata da littafin, ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

"Nuna mini," ya ce.

Muka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta Gusau ce, tankinta na yoyo. Wannan ta Sakkwato, tsaninta na juyawa. Yana tambaya ina amsawa, wani lokacin ya yi tsaki ya ce wa ya naɗe mesa haka. Har muka zo kan wani tsohon hoto da na ɗauka daga jikin bango: mutum a bakin kanal ɗin Bakura, wando a naɗe, yana ɗaura kwandon kaba a bakin mesa.

"Kwandon fa?"

"Don kada ta zuƙi ciyawa da laka."

"Wane ne?"

"Babana ne," na ce. Ba na son kuka a gaban mutane, yana ɓata mini lokaci, amma ranar nan ya fi ƙarfina. Shef ya bar ni. Ya buɗe littafin daga farko, inda rubutun ba nawa ba ne, ya bi da yatsa har layin ƙarshe na kowane shafi, wanda kwamanda bai kai gare shi ba. "Abin da aka ceto," ya karanta. "Akuya biyu. Buhun gero. Tsohuwa ɗaya." Ya rufe. "Mu ma muna da irinsa. Namu da Faransanci ne kawai." Ya karɓo oba-obar, ya danna maɓallin magana, ya sa yaronsa ya saurara a tasu. Ya danna, ya danna. Ba komai.

Ya shiga wurin kwamanda. Har aka yi azahar bai fito ba, aka yi la'asar. Da ya fito bai dube ni ba, ya wuce gida. Ban san me hakan ke nufi ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Litinin da safe na ji an tayar da motar zuwa iyaka. Aka kira sunana. Na shiga ofis. Kwamanda ya miƙo mini wayata, ya sa na goge hotuna ukun nan a gabansa. Ya tura mini wata takarda mai hatimi. Shef ya ce an rubuta cewa an bincike ni ba a same ni da laifi ba, kuma na'urar ba ta aika magana. Batir ɗin dai zai zauna a aljihuna, ba a cikinta ba, har in bar ƙasarsu.

Mai hankali godiya zai yi ya fita. Ni na ce, "Saura nasa."

"Nasa me?"

"Hoton da ya ɗauke ni a tsugune. Na goge nawa, ya goge nasa."

Shef ya dube ni kamar zai mare ni, sannan ya fassara. Kwamandan ya yi wani ɗan murmushi, ya juyo da wayarsa ya goge ina gani.

A waje Shef ya ce, "Ɗiyata, kin ga ƙofar can? Da ta nan kika shigo kika ce salamu alaikum, da hular kwano za mu sa miki." Ya kira yaransa suka jeru a gaban jar motar, ya kifa mini hularsa a kan hijabi, ya sa aka ɗauke mu da wayata. Na bar wa matarsa rabin daddawar. Shi ya tsayar mini da motar kudu, ya ja kunnen direban a kaina.

Sauran hanyar, Jugu, Kara, Tamale, ban riƙe komai nata ba sai ciwon baya. Ina ta murna a raina cewa hoto ya mutu, magana ta mutu. Na manta da wayar da na gani a kunnen Hajiya Kulu.

Gwaggo Hassu ta tare ni a tashar Kumasi ba dariya. "Kulu ta riga ki isowa," ta ce, "labarinki kuma ya riga ki komawa gida." Ta buga wa Inna ta miƙo mini.

Inna sai da ta gama gaisuwa tsaf, ya hanya, ya gajiya, ya baƙunta, kamar ba abin da ya faru. Sannan ta ce, "Suwaiba, mi kika jawo muna?"

"Inna, an sake ni. Ina da takarda."

"Takarda da wane harshe? Nan cewa anka yi an kama ki da oba-oba cikin daddawa, kina ba 'yan daji labari. Yau kwana huɗu ko mutum guda bai sayi awarata ba. 'Yan sa-kai sun zo har sau biyu. Sunka zauna zaure, sunka gaishe ni da ladabi, sunka ce da wa abin nan ke magana."

"Me kika ce?"

"Na ce da mamaci. Ki zauna nan inda kike. Kada ki dawo, kin jiya?"

Na tura hoton hular kwano da na takardar. Aka ce ai yanzu ana haɗa hoto a waya. Waɗanda suka yarda kuma suka ce, to in ba ta da gaskiyar ɓoyewa, me ya kai ta cikin daddawa? Wannan tambayar ba ni da amsarta da za ta shiga waya.

Wata biyar ke nan ina auna atamfa. Gwaggo ba ta rage ni da komai ba. A nan ma na nemo tashar kwana-kwana, na shiga ta ƙofa, na gaida mai gadi har ya fara duban agogo, kuma sun bar ni na ɗauki hoto son raina. Oba-oba tana kamo su da Turanci, ina rubutawa. Amma duk lokacin da wayar Gwaggo ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Inna ta daina suyar awara. Makon jiya ta ce an jefo dutse kan kwanonmu da rana tsaka, ta ce wataƙila 'yan wasa ne. Inna ba ta iya ƙarya ba.

Ta ce kada in dawo. Na yi biyayya wata biyar, dutse ya sauka a kan kwano. Don haka ga abin da na yanke.

Na wanke hotuna biyu manya, na sa su a gilashi: Baba da kwandonsa a bakin kanal, da ni a tsakiyar mutanen Shef Musa. Na sa wani malamin makaranta a nan zango, unguwar Hausawa, ya juya takardar zuwa Hausa a bayanta. Zan bi hanyar da na zo, har kwalekwalen, in isa Mafara ranar Litinin. Talata, ranar kasuwa, lokacin da mutanen Maradun da Bakura duk suna gari, zan fara da ƙofar mai unguwa, in roƙe shi ya kira shugaban 'yan sa-kai, ya kira Hajiya Kulu ma in ta shigo da kanwarta. Zan durƙusa in gaishe su ɗaya-ɗaya, gida da iyali da gajiya da ruwa, har su gaji da ni. Sannan in buɗe littafin daga shafin farko in karanta da ƙarfi, don na tabbata a cikin masu zaman akwai wanda rumbunsa ke ciki. In na gama in miƙa musu oba-obar, kowa ya danna maɓallin da hannunsa.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Akwai shingaye da yawa tsakanin nan da gida, kuma wannan karon a kan cinyata za ta zauna, a fili, takardar na ɗaure a jikinta da roba, duk wanda ya tambaya in ba shi labarin tun daga farko ko zai ɗauki yini. Ban gaya wa Inna ba tukuna. Sai na tsallake kogi zan kira ta, lokacin da hanawa ba ta da amfani.

Motar ranar Alhamis ce. Gwaggo ta wanke bokitin ta cika shi da goro, tsarabar Inna. Na zazzage shi a gabanta na sake jerawa da hannuna. Goro ne kawai a ciki, har ƙasa.